Kurakuran da aka fi yi wajen tsara lambun shaƙatawa kewaye da tsofaffin gine-ginen tarihi

Lambu yana son ruwa, tsohon gini kuwa ruwa ne ajalinsa. Yawancin ɓarnar da ake yi a irin wannan aiki daga nan take farawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a zuba sabuwar ƙasa a jikin bango don shuka ciyawa ko furanni. Tsohon bango, na dutse ne ko na tubali ko na ƙasa, yana tsotsar laima daga tushe, ya fitar da ita ta jikinsa. Da zarar an rufe ƙasansa, laimar ta rasa mafita, sai ta haura sama ɗauke da gishiri. Ruwa ya bushe, gishirin ya daskare a cikin bango, shafe ya fara zubewa. Gyaransa: a bar tsayin ƙasa yadda aka same shi ko a rage, a yi gangara mai nesanta ruwa daga gini, kamar santimita 15 a cikin mita 3 na farko, sannan a zagaye ginin da tsakuwa mai faɗin kamar mita ɗaya. Bututun ban-ruwa mai feshi kada ya kai bango ko kaɗan. Ruwan indararo kuma a kai shi magudana, kar a bari ya dinga zuba a gindin gini.

Haka abin yake ga kankare. Ana shimfiɗa shi har jikin bango don wuri ya yi fes, alhali ya toshe wa ƙasa numfashi, laima ta koma bango. Shafen siminti a kan tsohon bango ma haka yake yi, ga shi ya fi abin da ke ƙarƙashinsa tauri. Kwaɓin farar ƙasa da yashi ya fi dacewa.

Sai itatuwa. Mai dasawa yana ganin ɗan tsiro, ya manta da girmansa bayan shekara ashirin. A ƙasa mai yumɓu, saiwa kan shanye ruwa da rani, ƙasa ta tsuke, harsashi ya zauna, bango ya tsage. Itace mai yawan shan ruwa a ba shi tazara daidai da tsayin da zai kai idan ya girma. Wanda aka tarar a wurin kuma kada a yi gaggawar sare shi: yumɓun da ya daɗe a bushe zai sha ruwa ya kumbura, ya ɗaga harsashi. A tuntuɓi injiniya tukuna.

Wasu kuma kan shigo da motar tono kafin su san abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Lambun Al-Azhar na Alƙahira, mai faɗin hekta 30, wanda aka buɗe a 2005, an yi shi ne a kan jujin da ya taru tsawon shekaru kamar 500. Da aka kwashe, ganuwar zamanin Ayyubawa, daular da Salahuddin ya kafa a Masar, ta fito sarari, tsawon kusan kilomita ɗaya da rabi, ta zama abin kallo a lambun. Don haka a fara da tsofaffin taswirori da ramukan gwaji, a yi tonon kusa da gini da hannu. Injin daɓe mai girgiza shi ma haɗari ne. Ƙa'idar Jamus ta DIN 4150-3 ta sa iyakar girgiza a harsashin gini mai rauni ta fara daga milimita 3 a daƙiƙa. A ɗauki hoton kowace tsaga kafin a fara aiki, a sa mata alama, a riƙa aunawa.

Akwai kuma kuskuren kwaikwayo: a gina sabon shago ko banɗaki da siffar tsohon gini har baƙo ya kasa bambancewa. Yarjejeniyar Banis (Venice) ta 1964 kan adana gine-ginen tarihi ta ce sabon aiki ya fito da alamar zamaninsa. Sabon gini ya yi ƙasa da tsohon, ya koma gefe, kada ya tare gani daga ƙofar shiga. Fitilu da alluna a kafa su a ƙasa. In dole sai an huda bango, a huda tsakanin tubali, inda za a iya cikewa daga baya.

Mafi ciwo shi ne a gyara gini, a zagaye shi da waya, a kulle. Ginin da ba a shiga, ba mai lura da yoyonsa. A Duisburg ta Jamus, masana'antar ƙarfe da aka rufe a 1985 ta koma lambu, rumbun gas ɗinta ya zama wurin koyon nutso, bangayen ma'ajiyar tama kuma wurin wasan hawa. A nema wa kowane gini aikin da ba zai cuce shi ba, a yi hanyar keken guragu wadda gangararta ba ta wuce 1 cikin 12 ba (tashin mita ɗaya a tsawon mita 12), kuma a sa kuɗin share magudanai da duba rufi kafin damina cikin kasafin kowace shekara.