Yadda za ka lissafa la'adar gwanjo kafin sayen zanen asali

Farashin da mai gwanjo ya buga guduma a kansa ba shi ne abin da za ka biya ba, domin kamfanonin da ke sayar da zanen hannu na littattafan labarai masu hotuna, irin su Heritage Auctions na birnin Dallas a Amurka da Artcurial na Faransa, suna ɗora wa mai saye la'ada. A shekarar 2021, Artcurial ya sallama wani zanen Tintin, jarumin wasu littattafan labarai masu hotuna, a kan yuro miliyan 2.6, amma da aka haɗa la'ada kuɗin ya kai kusan miliyan 3.2.

Saboda haka ka karanta sharuɗɗan kamfanin, sannan ka yi lissafi daga ƙarshe: idan dala 1,200 kake da ita kuma la'adar kashi 20 ce cikin ɗari, kada tayinka ya wuce dala 1,000, kuma ko hakan bai haɗa da haraji, inshora da kuɗin aikawa ba.

Mai sayarwa kuwa ya nemi ragi a kan la'adarsa, musamman idan zanen mai daraja ne, kuma ya tabbata an rubuta mafi ƙarancin farashin da zai sallama a cikin yarjejeniya kafin ya miƙa zanen.