Kurakuran marubuta wajen warkar da wanda yaƙi ya taɓa

Tun ɓarkewar rikicin Boko Haram a Maiduguri a 2009, 'yan gudun hijira da marayu suka shigo ƙagaggun labaranmu. Rubuta harin ba ya ba marubuci wuya. A abin da ya biyo baya ake yin tuntuɓe.

Babban kuskure shi ne mayar da aure magani. Yarinya ta tsero daga Bama, an kashe mahaifinta a kan idonta, sai wani attajiri ya gan ta a sansani, bayan babi biyu ga ta tana ƙyalƙyala dariya a ɗakin amarci. Zuciya ba ta warkewa haka. Ku aurar da ita in kun so, amma ta riƙa zabura duk sanda babur ya wuce a lungu, domin a kan babura maharan suka shigo. Ta kwana da takalmi a gefen kai. Ta ɓoye ragowar tuwo a ƙarƙashin gado alhali gidan cike yake da abinci. Mijin ya kasa gane kanta, wata rana ma ya gaji.

Sai saurin rufe baƙin ciki da nasiha. Malam ya ce "sai haƙuri", shafi ɗaya, shi ke nan an warke. Tawakkali yana riƙe mutane ƙwarai, amma mumini yana iya karɓar ƙaddara kuma barci ya gagare shi. Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim.

Abin da ya fi damuna shi ne mantawa da waɗanda ba su ga gawa ba. Wadda aka binne mijinta tana da zaman makoki na kwana uku, da takaba wata huɗu da kwana goma. Wadda nata ya ɓace a harin Baga na Janairun 2015 fa? Ba jana'iza, ba ta'aziyya, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. Duk baƙuwar lamba ta kira, jiki na rawa take ɗauka. Irin wannan matar kusan babu ita a littattafanmu.

Kuma ku daina mayar da duk mai firgita mahaukaci tuburan ko mai aljanu. Yawancinsu suna noma, suna ɗinkin hula, suna kai yara makaranta. In jaruminku sojan da ya dawo daga Sambisa ne, ku bar shi ya yi ta ɓoyewa kafin ya yarda a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Maiduguri, ya ji sauƙi, damina ta zo da tsawa, abin ya dawo masa.