Darasi na 12: Kalmar guarantee da nauyin da ke cikinta

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwa sayen wayar hannu ko injin ban ruwa ya sha jin mai kaya yana cewa, "Ɗauka kawai, Alhaji, wannan da garanti." Kalmar ta zauna a bakinmu har mun manta baƙuwa ce. Asalinta guarantee ce ta Ingilishi, mutanen Nijar kuma suna ganin 'yar'uwarta ta Faransanci, garantie, a takardunsu. Haruffan guarantee 9 ne, amma ba a furta u da ke bayan g, kuma a gaɓar ƙarshe ake ɗora ƙarfin murya: ga-ran-tii.

Ma'anarta ita ce mutum ya ba da cikakken tabbacin cewa abu zai faru, ko kuma abu yana da kyau, tare da yarda cewa idan aka samu akasi shi zai ɗauki asarar. A nan ta rabu da promise, wadda take nufin alkawari. Mai alkawari bakinsa ya bayar, amma wanda ya ce I guarantee ya haɗa har da aljihunsa. Kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce lamuncewa, kamar yadda dattijo yake tsaya wa baƙo a gaban fatake ya ce, "Ku ba shi kayan, na lamunce muku."

Ga yadda take zuwa a jimla. I guarantee that it will work, wato na lamunce maka zai yi aiki. Idan an riga an bayar da tabbacin sai a ƙara mata d, shi ya sa za ka ga an buga guaranteed for 6 months a jikin kwali, ma'ana idan kayan ya lalace cikin wata 6 za a gyara ko a canza maka, muddin rasidinka yana hannu. Idan kuwa likita ya ce I cannot guarantee, ba rowar magana ya yi ba, gaskiya ya faɗa, domin waraka ba a hannunsa take ba. Mu ma da muke cewa in sha Allahu kan abin da za mu yi gobe mun san wannan iyakar.

Inda na fi so ɗalibai su natsu shi ne kalmar guarantor, wadda daga wannan tushe ta fito. Za ka same ta a ƙasan takardar bashin banki, ko ta ɗaukar aiki, ko ta karɓar babur a biya kaɗan-kaɗan. Mutane da yawa suna dangwala yatsa a wurin da zaton shaida kawai suka yi, alhali sun amince ne cewa idan mai bashi ya kasa biya, su za a bi. Kada kunyar ɗan'uwa ta sa ka dangwala kafin a karanta maka takardar daga farko har ƙarshe, a kuma faɗa maka adadin kuɗin da wa'adin biya.

Kafin zama na gaba, kowa ya nemo rasidi ko kwali mai ɗauke da wannan kalma, ya kwafe jimlar a littafinsa domin mu fassara ta tare.