Kafin a Biya Kuɗin Canjin Birkin Tirela

Assalamu alaikum, 'yan uwa direbobin manyan motoci da ke aiki tsakanin Jidda, Riyad da Dammam. Idan za ku kai mota Sina'iyya, wato unguwar garejoji da bakanikai, domin canjin birki, kada ku amince da farashin da bakanike ya yanke kafin ya kwance taya a gabanku, domin tsadar aikin ba a fatar birki take ba, a cikin dram take, wato gangar ƙarfen da fatar ke gogawa a jikinta. Fatar da aka bari ta cinye har ƙusoshinta suka fito, za ta zana layuka a jikin dram, kuma idan kun sa yatsa kuka ji rami ko kuka ga tsaga, to sabuwar fata ba za ta daɗe a kansa ba. A canza na hagu da na dama a lokaci guda, in ba haka ba motar za ta riƙa ja gefe ɗaya da lodi a kanta.

A nemi a rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban, sannan a tambaya ko an haɗa harajin kashi 15 cikin ɗari, saboda wasu sai wajen biya suke ambatonsa. Kayan tashlih, wato waɗanda aka ciro daga tsofaffin motoci, suna da sauƙi, amma a ganina ba na birki ba.

Kafin a bar wajen, a cika iskar birki, a kashe inji, a taka birki a saurara. Yoyon iska yakan hana mota tsallake fahas, wato gwajin lafiyar mota na hukuma.