Yadda za ki gane abin da zagayen al'ada ke yi wa kwaɗayinki

'Yar uwa in kin lura akwai kwanakin da komai daɗi yake miki, hira, aiki, har zuwa unguwa, sai kuma wasu kwanakin ki ji ba abin da ke burge ki sai kayan zaƙi da soye-soye, toh ba laifinki bane, daga ƙwaƙwalwa abin yake. Can tsakiyarta akwai wani ɗan gurbi da ake kira VTA, ƙwayoyin halittar da ke gurbin su ke harba sinadarin dofamin zuwa wani wurin mai suna akumbens, kuma hanyar nan ita ke sa mutum ya ji "ina so, a ƙaro min".

Istrojin, sinadarin jikin mace wanda ke hauhawa bayan kin yi wanka har zuwa fitar ƙwai, zuga ƙwayoyin nan yake. Jill Becker ta Jami'ar Michigan a Amurka tun shekarun 1980 ta nuna dofamin na matan ɓeraye yana hawa da sauka da zagayensu, a 2017 kuma aka gano hodar iblis ta fi kama su lokacin da istrojin ke sama. Bayan ƙwai ya fita sai wani sinadarin jikin mace mai suna projestaron ya karɓa, jiki ya juya shi zuwa wani sinadari da ke aiki a kan GABA, wato birkin ƙwaƙwalwa, in istrojin da projestaron suka faɗi dab da zuwan jini nan ne wasu ke shan wuya.

Amma fa mu ba ɓeraye bane, kowace mace da nata, shi ya sa na fi son ki auna kanki da kanki. Ki samu ɗan littafi ko ki buɗe waya, ranar da jini ya fara ita ce rana ta 1. Kullum bayan isha ki ba kwaɗayi, kuzari da ɓacin rai maki daga 1 zuwa 5, ki rubuta awa nawa kika yi barci don shima yana taɓa dofamin sosai. A ranar za ki rubuta, kar ki bari sai an kwana biyu ki ce za ki tuno, wallahi mantuwa za ta rikita miki lissafi. Ki yi wata biyu cikakku. Ƙwai yakan fita kamar kwana 14 kafin jini na gaba, daga baya ake ƙirgowa. In kina shan ƙwayar tazarar haihuwa ko allura ki rubuta, suna canza tsarin.

In kin gano kwanakinki masu nauyi sai ki shirya musu, ki ajiye dabino da gyaɗa kusa, ki rage ɗora wa kanki aiki, in kina fama da barin shisha ko kodin ki nemi wadda za ta zauna da ke a ranakun.

In kuwa kin ga duk wata satin da jini zai zo baƙin ciki yana danne ki har ki kasa komai, jinin na zuwa ya sake ki, mai yiwuwa ciwon da ake kira PMDD ne kuma yana da magani, ki ɗauki littafin nan ki kai wa likita don ainihin abin da zai nema kenan.