Yadda na gyara na'urar faifai da ta ƙi ganin sabon DVD-R

Na'urar tana karanta faifan da kamfani ya buga, amma in na saka sabon DVD-R (faifan da mutum ke rubuta bayanai da kansa) da babu komai a kai, sai Windows ta ce babu faifai. Na sauya faifai, na cire direba (manhajar da ke sarrafa na'urar) a Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, na sake kunna kwamfuta, duk shiru.

Ashe ƙura ce a kan ƙwayar gilashin laser da ke karanta faifai. Faifan da ake rubutawa ba ya maido da haske kamar na kamfani, shi ya sa ƙura kaɗan ke ɓatar da shi. Na buɗe tiren, na kashe kwamfutar, na ɗan jiƙa auduga da isopropyl (sinadarin goge kayan lantarki) mai kashi 90, na shafa ƙwayar a hankali ba tare da dannawa ba. Bayan minti 10 ta bushe. Na saka faifan, ta gane shi, na kwafa bayanai a kansa da gudun 4x, wato ninki huɗu na gudun asali. Alhamdulillahi.