Yadda na gyara sifikar mota mai ɗaukewa tana dawowa

Sifikar ƙofar direba ce ke yin shiru idan an shiga gargada, can kuma ta dawo. Na fara karkata sautin rediyo hagu da dama, na tabbatar ita kaɗai ce. Da duka ne suke ɗaukewa tare, wayar da ke ɗaure a jikin ƙarfen mota ko ampilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) zan tuhuma.

Na cire murfin ƙofa, na zare wayoyin sifikar na auna ta da mitar gwajin lantarki. Ta nuna om 3.6 (om shi ne ma'aunin turjiyar lantarki), daidai ke nan ga sifika mai om 4. Lafiyarta ƙalau, don haka kada a yi gaggawar sayen sabuwa.

Laifin yana cikin robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofa da jikin mota, wadda wayoyi ke bi ta cikinta. Ina murza ta rediyo na kunne, sauti na yankewa. Buɗewa da rufewa ne suka karya tagullar wayar daga ciki, alhali bawon wayar bai nuna komai ba.

Na yanke wajen, na sa sabuwar waya mai kauri ɗaya da tsohuwar, kimanin santimita 30, na liƙe da dalma, na naɗe da salatif. Mahaɗar kada ta faɗa cikin robar, nan za ta sake karyewa. A bar wa wayar ɗan sassauci.